Hansatu a Kan Dutse Mai Aman Wuta

Wata rana, a tsakiyar sanyin Disamba, wata baiwar Allah mai suna Hansatu ta dawo daga aiki ta tarar da mijinta yana ta washe baki.

'Yar Funtuwa ce. Aure ne ya kai ta wani gari a arewacin Ingila, inda take aikin jinya a asibiti. Wuni take a tsaye, ta ɗaga wannan mara lafiya, ta juya wancan. Ga sanyi mai shiga har ƙashi.

Mijin, Shafi'u, ya ce ta ba shi goron albishir. Ya shirya musu tafiya hutu, su da 'ya'yansu biyu: Nusaiba mai shekara goma sha uku, da Hibba da ko yaye ta ba a yi ba.

Wani tsibiri ne a tsakiyar teku, daura da gaɓar Afirka. Can rana na fitowa ko a Disamba. Ga kuma wani shahararren dutse mai aman wuta, wanda ya daɗe da lafawa, mutane na hawa su leƙa bakinsa.

Nusaiba ta hau tsalle.

Hansatu ma ta yi murna. A ranta ta ce, Alhamdulillah, ko ba komai zan miƙe bayana.

Sai dai Shafi'u ba otal ya kama ba. Gida ya kama mai kicin, wai don su ji kamar suna gida. Shi cikinsa ba ya karɓar abincin Turawa.

Don haka tun kafin a tashi aiki ya fara. Ita ta haɗa akwatunan kowa. Ita ta ɗaure kuka, daddawa, yaji da garin tuwo. Ita ta tuna da maganin zazzaɓin Hibba.

Suka sauka a tsibirin.

Wurin kam ya haɗu, ba ƙarya. Teku shuɗi shar, gonakin ayaba har gefen titi, yashin bakin ruwa baƙi ƙirin kamar gawayi.

Amma ga yadda ranakun Hansatu suka kasance.

Tana idar da sallar asuba sai kicin. Babu naman halal a kusa, sai kifi, ita ke gyarawa. Ta dafa na safe, ta zuba na rana a kula, ta yi wa Hibba wanka, ta haɗa jakarta.

Shafi'u na mota yana danna hon, kada rana ta yi.

Titunan tsibirin kuwa duk kwana-kwana ne, a hau tudu a gangara. Ba a nisa Hibba za ta fara amai. Hansatu ta goge yarinya, ta goge kujera, ta goge jikinta.

Da suka je wani fili inda narkakken dutse ya taɓa malala ya daskare, ta tagar mota ta gan shi. Hibba ta yi barci a cinyarta, in ta motsa za ta farka.

Da suka je bakin teku, su suka yi wasa da ruwa. Ita ta zauna gadin kaya. Da aka koma gida kuma ita ta wanke baƙin yashin daga tufafin kowa.

Shafi'u yana ta ɗaukar hotuna yana tura wa dangi. Daga Funtuwa ake ta turo saƙo: Hansatu kin more miji, Allah ya bar ku tare.

Takan ce amin.

Kada ku ɗauka Shafi'u mugu ne. Wallahi yana son iyalinsa. Shi a ganinsa ya kawo su inda ko a mafarki ba su taɓa zuwa ba. Abin da idonsa bai gani ba ne kawai bai gani ba.

Ita kuma ba ta iya ƙorafi ba. Haka aka tarbiyyantar da ita.

Ranar hawa babban dutsen ta zo.

Wani keji ne mai tafiya a jikin waya ya ɗauke su zuwa can sama. Daga nan sai a taka da ƙafa zuwa bakin ramin.

A saman babu ɗumin da ke ƙasa. Iska ce mai sanyi, numfashi ma da ƙyar. Wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai yana fitowa daga tsagar duwatsu.

Hansatu ta goya Hibba da zani a kan rigar sanyi. Jaka a kafaɗa, kula a hannu. Ko karyawa ba ta samu ta yi ba.

Shafi'u da Nusaiba suna gaba.

Ta taka, ta taka. Sai ta ji jiri ya fara ɗibar ta. Kunnuwanta suka toshe. Gabanta ya fara yin duhu-duhu.

Ma'aikaciyar jinya ce, ta san abin da ke biyo bayan wannan. Ga hanya siririya, ga gangare a gefe, ga 'ya a bayanta.

Ta lallaɓa ta zauna a kan wani dutse. Ta kira Nusaiba, ta kwance goyon ta miƙa mata.

Shafi'u ya dawo da sauri, waya a hannu.

Ya ce, "Maman Nusaiba, daure ki tashi mana, ga bakin ramin can. Ai hutu muka zo, ba zama ba."

Ta ɗago ta dube shi. Ba faɗa, ba kuka.

Ta ce, "Abban Nusaiba, ku kuka zo hutu. Ni kicin kawai na canza."





Ya dubi kular da ke gefen ƙafarta. Ya dubi shatin da igiyar jaka ta yi mata a wuya. Ya dubi leɓɓanta da suka bushe. Rabon da ya kalle ta da idonsa, ba ta cikin waya ba, har ya manta.

Ya sa wayar a aljihu. Ya ba ta ruwa, ya ɓare mata dabino. Ya rataya jakar, ya ɗauki kular, ya karɓi Hibba.

Da jirin ya sake ta, suka juya.

Ba su ƙarasa bakin ramin ba.

Washegari akwai shirin shiga jirgin ruwa. Shafi'u ya soke. Ya ja ƙofar ɗaki a hankali, ya ce wa Nusaiba kada wanda ya tashi Umma.

Ya shiga kicin.

Shinkafa ta caɓe. Kifi ya kama. Hibba ta ɓata jikinta sau biyu kafin ya gama yanka albasa. Kafin hantsi ya jiƙe da gumi, ya zauna a ƙasan kicin yana mayar da numfashi.

Nusaiba ta ce masa Umma kullum haka take yi, kuma ita har da wanki.



Hansatu ba ta farka ba sai da azahar ta yi. Ta yi sallah, ta ci caɓaɓɓiyar shinkafar nan. Sannan ta haɗa shayi, ta fita baranda ita kaɗai, ta zauna tana kallon teku.

Ta shanye shi da zafinsa, ba wanda ya kira sunanta.

Sauran hutun ba su je ko'ina mai nisa ba.

Ba zan ce muku Shafi'u ya koma wani mutum daban ba. Da suka dawo Ingila, wani lokacin yakan manta. Amma ran Lahadi kicin nasa ne shi da Nusaiba. Taliya suke dafawa kullum, don ita kaɗai ya iya.

Da Hansatu ta koma aiki, wata abokiyar aikinta 'yar Zariya ta tare ta tana son jin labarin dutsen, wai da gaske ana hango wuta a ciki?

Hansatu ta ce ita ba ta ga ramin ba. Amma ta yi barci.

Darasi:

A kowane gida akwai wanda jin daɗin kowa ke tafiya a kan wuyansa. Sau da yawa shi ne wanda ba ya ƙorafi. Shirunsa ba ya nufin bai gaji ba.

Kafin ka kai iyalinka ƙarshen duniya, duba ka gani: wa ke ɗauke da kaya?

Ke kuma 'yar'uwa, ba sai kin kai ga faɗuwa za ki ce kin gaji ba. Haƙuri daban, cutar da kai daban.

In ka san wata Hansatu a gidanku, yau ka karɓar mata wani abu daga hannunta. Sannan ka tura wannan ga wani magidanci, wataƙila shi ma bai taɓa lura ba.