Barcin Kyauta a Coci

A ƙauyen nan na bayan dutse, can gaba da Doguwa, ba wanda bai san Kyauta matar Labaran ba. Kuma abin haushi, da barci a coci aka san ta.

Da can ba haka take ba. Ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata, in ta ɗaga murya har Fulanin ruga suna jiyo ta. Shekarar da soja suka canza kuɗi, Labaran ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye. Ɗansu yana aikin masaƙa a Kano, 'yarsu tana aure a Tudun Wada. Sai ya zama Kyauta ce noma, ita ce daka, ita ce rafi, ita ce juya ƙaton namiji a kan tabarma kada bayansa ya yi gyambo. Shekaru suka yi ta shuɗewa a haka. Ta bar waƙa, ta bar kasuwa, amma ba ta bar zuwa sujada ba. Nan kaɗai ya rage mata inda take jin ita ma mutum ce, kuma Allah bai manta da ita ba.

To amma fa da ta zauna a kan dakali aka buɗe Littafi, sai kai ya fara rinjaya. Ga kuma dattijon coci, Ɗantani, mai zagaya layuka da dogon karan dawa yana zungurar masu gyangyaɗi. Aikin da aka ba shi ke nan, yana kuwa yin sa kamar da karan zai shiga Sama.

Ranar bikin godiya na kaka, coci ya cika da baƙi, ga dammunan dawa an jibge a gaba, sai aka ji minsharin Kyauta. Ɗantani ya zungure ta, ya ce da ƙarfi, "Haba Kyauta! Nan ɗakin Allah ne, ba ɗakin kwana ba!" Aka kwashe da dariya. Ta ja zanenta ta fita, kunya kamar ta nutse.

Daga ranar ta daina zuwa. In aka buga ƙarfen mota da ke rataye a jikin ɗorawa don kiran sujada, sai ta ƙara wa taɓarya ƙarfi don kada ta ji. Ta gaji da aiki, ta gaji da mutane, har addu'a ta fara yi mata nauyi a baki, wannan kuwa shi ya fi ba ta tsoro.

Wata ranar Asabar Ɗantani ya zo da shirin yi mata faɗa. Ya tarar da ita tana kokawar ɗaga Labaran za ta yi masa wanka. Ya ajiye kara ya kama mata, kafin su kai shi bayan ɗaki Ɗantani yana haki, ƙugunsa ya riƙe.

"Kullum haka kike yi, ke kaɗai?"

"Kullum, Baba."

Faɗan da bai yi ba ke nan. Ya ɗauki karansa ya tafi ko sallama babu.

Washegari sai ga shi da Asabe maƙwabciyarta. Ya jingine karan a danga, ya zauna kusa da Labaran, ya ce, "Tashi ki bi ta coci. Yau ni zan zauna da shi. Lahadi mai zuwa wani dattijon ne."

Ta tafi tana ta alkawari a ranta cewa yau ko ƙiftawa ba za ta yi ba. Ina! Ko karatun farko ba a gama ba kanta ya sauka a kafaɗar Asabe. Asabe ta gyara zama, ta riƙa kore mata ƙuda da gefen ɗankwali.

Kyauta ta farka daidai lokacin da Fasto ke tambaya ko akwai mai shaidar godiya. Ta miƙe da ƙyar, shatin zane a kumatunta.

"Ni dai ban ji wa'azi ba, ko kalma ɗaya," in ji ta. "Amma na gode wa Ubangiji. Yau na yi barci a gidan Ubana, ba wanda ya tashe ni."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya.