Katin Ɗaurin Auren Jikata

Tun da na ajiye aikin koyarwa na zauna gida a Daura, babu katin suna ko na ɗaurin aure da ya fita daga zuriyata wanda ba ni na buga shi da hannuna ba. Ina da tsohuwar firinta mai ƙarar injin markaɗe, wadda ba ta karɓar umarni sai daga tsohuwar kwamfutata. Ana gab da bikin babbar jikata kwamfutar ta mutu. Yarinyar ta ba ni wa'adi zuwa ranar kasuwa, lokacin da masu babura za su tafi da katunan Mashi da Sandamu da Babban Mutum. In ban buga ba, za ta kai shago.

Mahaifiyarta, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata gare ta, aikin kwamfuta take yi a Katsina. Ta iso da sabuwar kwamfuta, ta ciro ma'ajiyar tsohuwar, ta kwafe abin da ke ciki. Ta bayyana mini cewa akwai manhajar da ke yi wa tsohuwar kwamfuta ɗaki a cikin sabuwa, ta zauna ta ci gaba da aikinta, firinta kuma ba za ta gane an yi sauyi ba.

Da ta zo saiti sai allon ya nuna hanyoyi biyu na tayar da na'ura, sabuwa da tsohuwa, kamfani kuma ya riga ya ɗora alama a kan sabuwar. Ta kai hannu za ta sauya, na dakatar da ita. A makarantar mishan an hore mu cewa abin da maƙerin na'ura ya saita ba a taɓa shi, kuma ban taɓa ganin dalilin saɓa wa wannan ba.

"Baba, sun zaɓi wannan ne domin na'urorin yau," in ji ta. "Taka ta girme shi."

"Sun fi mu sanin abinsu. Ki bar shi."

Ta bari, ta kunna. Allo ya yi baƙi, ya fito da 'yan kalmomi cewa bai sami abin da zai tayar ba. Na sa ta maimaita, na sake sa ta, amsar ba ta sauya ba.

Amarya tana bakin ƙofa, hannuwanta cikin lalle. Ta ce, "Tsoho, faɗi gaskiya, kishi ne. Ka ga zan bar ka na auri saurayi, shi ya sa ka haɗa baki da injin."

Na ce, "Ke da ba ki iya dama kunu ba, wa zai yi kishinki? Tausayin yaron nake ji."

"To, kai da aka saya maka waya mai ƙararrawa, ta taɓa tashe ka? Har gobe sai matarka Hajiya ta buga murfin tukunya. Ita ma tsohuwar kwamfutar taka a tashe ta yadda ta saba mana."

Na auna maganar, na ga babu inda ta karkace. Na ce wa Uwata ta mayar da alamar kan tsohuwar hanya, ta kuma tabbatar da ita yadda kullum da ita za a fara.

Ta sauya, ta kunna. Shuɗin allon da na sani ya bayyana, da 'yar waƙarsa ta buɗewa, katin da na fara tsarawa yana nan yadda na bar shi. Na danna maɓalli, firinta ta kama kururuwa har kajin tsakar gida suka watse. Hajiya ta rangaɗa guɗa daga madafa, abin da ban yarda da shi a gidana ba, amma ran nan ban ce komai ba.

Na ɗauki katin farko na aza masa rula, gefe da gefe daidai. Amarya ta miƙo hannu, na janye shi.

"Ba da wannan lallen ba," na ce. Na riƙe mata shi ta karanta sunanta.