Shekarar da Na Yi Ina Gadin Bakin Nasiru

A gidanmu na Talata Mafara ba a hura wuta don hira kawai. Wutar ta Iya ce, kakarmu ta wajen uba, wadda sana'arta turara shinkafa. Tun la'asar take ɗora rabin duro a kan murhu, ta yi ta tura itace, tururi yana tashi da wani ƙamshi da har yau in na ji shi a hanya sai na rage tafiya. In an yi sallar isha'i an sauke duron, garwashin da ya rage namu ne. Mu jikoki mu kewaye shi, wani da dankali, wani da masara, ita kuma in za ta fara tatsuniya sai ta miƙe ƙafafu a kan buhu ta ce, "Ku matso, yau ma na zo da ita." Mu ce, "Sauke ta mu gani."

Ni ne ɗan gaban goshinta. Maigida take ce mini, irin tsokanar nan ta kaka da jikanta, kuma wurin zamana sananne ne, dab da gwiwarta ta dama. Haka muke har shekarar da na shiga aji biyar na firamare, aka kawo Nasiru.

Nasiru ɗan ƙanwar babana ne, daga ƙasar Maradun. Na girme shi da shekara guda cur, amma ajinmu aka sa shi. Ya zo da tufafinsa a cikin buhun taki, kansa duk makero, ba ya ko iya duban idon mutum. Iya ta ƙare masa kallo ta ce, "Lawali, yau dai na sake miji. Wanga ya fi ka kunya." Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, amma tawa iyakarta haƙori. A daren nan ta ja shi ta zaunar a gwiwarta ta hagu, ni kuwa ko tatsuniyar ban ji ba, lissafi nake yi ko sau nawa ta shafa kansa.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Sai aka yi jarrabawar zangon farko, wannan ɗan ƙauyen mai makero ya zo na ɗaya. Ni kuwa sai da malam ya gaji da kiran sunaye kafin ya iso kaina. Baba ya riƙe takardun biyu, ya dubi wannan ya dubi waccan, ya ce, "Lawali, ka dai ji abin da hedimasta ya faɗa. Wanda bai ci ba bana, maimaita aji zai yi. Ni kuwa ba ni zuwa roƙon kowa." Na gane sarai. In na faɗi, ƙanena zai wuce aji shida ya bar ni, garin nan kaf ya sani.

Yaro mai hankali littafi zai kama. Ni sai na kama Nasiru.

Malamai sun yi ƙaranci a makarantarmu, don haka malamin ajinmu yakan cika allo da rubutu ya ce mu kwafa, ya wuce wani aji. Yana bukatar monita mai rubuta sunayen masu surutu. Na nace, na share masa tebur, na ɗauko masa ruwa, har ya ba ni. Na ja bencina na kai gaba, na ba allo baya, na fuskanci aji. Ba ajin nake kallo ba, Allah ya sani. Bakin mutum ɗaya nake gadi.

Shi kuwa bakin ba ya rufuwa, don da malam ya fita yara ke yanyame shi. "Nasiru, wanga fa?" "Nasiru, ina aka samo bakwai ɗin nan?" Yana buɗe baki zai yi bayani, ni kuma na ɗora biro. Malam ya dawo, na miƙa takarda, a yi masa bulala biyu a tafin hannu. Wallahi daɗi nake ji, ba zan ɓoye ba. Takardar sunayen kuwa daga tsakiyar littafina na lissafi nake yago ta, kullum ɗaya. Kafin zango na biyu ya ƙare littafin ya rame kamar akuyar rani.

Iya ba ta san boko ba, amma ba a yi mata wayo. Ta ga littafin. Ta kuma ga Nasiru ya kasa riƙe dankali mai zafi, yana juya shi da bayan hannu. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta gyara zama ta ce yau ta manoma ce.

Wai wasu maƙwabta biyu ne a fadama, gonakinsu na shinkafa iyaka ɗaya. Shinkafa ta fitar da kai ta fara nono, lokacin da tsuntsayen jan-baki ke saukowa kamar hadari. Kowa ya kafa rumfa a tsakiyar gonarsa, ya ja igiyoyi ya rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, in tsuntsaye sun sauka ya girgiza su tashi. To ɗayan sai ya ga kamar shinkafar maƙwabcinsa ta fi tasa nauyin kai. Abin ya tsaya masa a rai. Ya sauko daga rumfarsa ya je bakin iyaka ya tsaya, ya ba gonarsa baya. In ya hango garken tsuntsaye sai ya yi ta kaɗa riga yana kora su wajen maƙwabci. Suna sauka can sai ya tuntsire da dariya. Maƙwabci ya ja igiya, gwangwanaye su yi kuka, tsuntsaye su tashi su bi ta kan mutumin nan su sauka a bayansa, inda babu mai jan igiya. Shi bai ko waiwaya ba, yana jiran garke na gaba.

Nan Iya ta sassauta murya, ta ce, "Ran da anka zo yanka, yaj juya. Bai iske komi ba sai kara tsaye. Sai ga sarkin tsuntsaye bisa rumfatai, ya yi ƙiba har ba shi iya tashi. Yac ce, 'Sannu da aiki, malam. Mun ci gonaki da yawa, amma ba mu taɓa samun mai gadi irinka ba.'"

Yara suka kwashe da dariya, har Nasiru, wanda bai san da shi ake ba. Iya ta tona garwashi da ɗan itace, ba ta dube ni ba, ta ce, "Maigida, kai ko ka ji ta?"

Na ce, "Na ji. Ni ai ba ni da gona."

Ta ce, "To, madalla."

Na gane ta tsaf, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. A ganina Iya ta zaɓi ɓangare, har tatsuniya take ƙerawa don ta kare sabon mijinta. Washegari na rubuta sunansa sau biyu, na ƙara da cewa ya yi dariya.

Ranar jarrabawar ƙarshen shekara aka juya bencina ya fuskanci allo, karo na farko cikin wata shida. Na dubi tambayoyin kamar da wani yare aka rubuta su. Duk yaran da na yi ta rubuta sunayensu tare da na Nasiru suka sunkuya suna ta rubutu, don abin da na kira surutu, karatu ne suke yi. Na tauna biro har ya fashe mini a baki.

Na maimaita aji biyar. Baba bai roƙi kowa ba, kamar yadda ya faɗa. Iya ma ba ta ce ai na gaya maka ba, ta dai aike ni sayo itace kamar kullum. Nasiru ya wuce, daga baya ya tafi sakandare a Bakura, ni ina biye da shi da shekara guda, ina gadon tsofaffin littattafansa masu sunansa a bango. Wannan tazarar ban taɓa cike ta ba.

Yanzu ina da shagon taki da maganin feshi a kasuwa, alhamdulillahi, ina rufa wa kaina asiri. In na ji ana yi wa yara faɗan makara da fashi da rashin bitar karatu, sai na tuna da kaina, don ni ban taɓa makara ba, ban taɓa fashi ba. Kullum ina aji tun kafin a buga ƙararrawa. Idona ne kawai ba ya inda ya kamata. Kuma kada in yi muku ƙarya, har gobe in na ji an ce "likita Nasiru" sai wani abu ya ɗan motsa mini a ƙirji, sai na yi a'uziyya.

Bara muka haɗu a wani suna a Maradun, shekaru bayan rasuwar Iya. Muna zaune a tabarma ɗaya, na ce yau dai zan sauke kayan nan. Na ce, "Nasiru, ka yafe mini bulalar da na ja maka a aji biyar. Da gangan nake rubuta sunanka, hassada ce kawai."

Ya dakata da cin waina, ya ɗan yi tunani, da gaske yake tunanin. Ya ce, "Yaya Lawali, kai ne monita shekaran nan? Wallahi na aza wani dogon yaro ne ɗan mahauta."

Ya ce ya yafe, ya turo mini kwanon miya. Na karɓa. Shekara guda cur ta rayuwata na ɗauka na ba mutumin nan, shi kuwa bai ma san an ba shi ba.