Farar Hodar Kawu

Duk lokacin da Kawu ya fito da farar hodarsa daga tanda, idan ta huce yakan zuba kaɗan a tafin hannu, ya ɗiga mata ruwa, ya rufe ido. Ɗalibai sun ɗauka addu'a yake yi. Ni da nake zama a kujerar lungu na gane ɗumi yake jira. Busasshen ziyolait, wato irin wannan hodar, idan ya sha ruwa zafi yake yi, kamar abu mai rai.

Ƙanin mahaifiyata ne. Shekara ashirin da shida yana kula da ɗakin gwaji na jami'a, yana wanke kwalabe, yana auna wa wasu sinadaran da za su yi suna da su. Tasa hodar daga farar ƙasa ya haɗa ta, tana tsotse gubar dalma daga ruwa. Yakan ce kowace ƙwaya gida ce mai ɗaki dubu, duk babu kowa. Dauɗa ta shiga ta kwanta, ta manta hanyar fita. Idan yana faɗa sai idonsa ya tafi can bayan taga, kamar yana zagaya ɗakunan.

Abu ɗaya yake so kafin ritaya: takardar mallakar ƙirƙira da sunansa a sama.

Na raka shi ofishin rajista, ni ce mai riƙon fayil. Ma'aikaciyar ta duba takardun ta ce, "Baba, ka taɓa nuna wa wani yadda ake haɗa ta?"

Kawu ya gyara zama. "Wani? 'Yata, shekara uku ke nan da na liƙa bayanin a allon sanarwa. Gida goma sha bakwai a layinmu da ita suke tace ruwan rijiya. Har mai gyaran famfo ya iya, sai dai tasa kullum ƙonewa take yi."

Ta ajiye biro a hankali. "Kash, Baba. Abin da jama'a suka riga suka sani ba sabo ba ne. Ba ma yi masa rajista."

"To da ɓoyewa zan yi, yara suna shan ruwan?"

"Da nan ka fara zuwa."

Ya juyo gare ni. "Ke mai digiri, kina ina?"

"Kawu, ai ni na buga maka bayanin," na ce, idona a ƙasa.

Ya yi dariya har sai da ya share ido, ya daɗe yana sharewa.

Muka kama hanyar gida. Ya tsaya wajen mai gyaran takalmi, ya cire na hagu ya miƙa, ya zauna a benci yana jiran a ɗinke.