Madacin Bakin Rafi

Babana bai san boko ba, amma yana jin cikin itace. Zai bugi gindin bishiya da ƙeyar gatari, ya kara kunne, ya faɗa maka ko cikinta cike yake ko gara ta gama da shi. Bayan yaƙin basasa, duk ɗan kwangilar da ke kai wa 'yan reluwe katako a Kafanchan sai ya biyo ƙauyenmu, kusa da Kagoma, ya ɗauki Baba. Gonarsa ba ta fi ta kowa ba. Kunnen nan ne mutuncinsa.

Lokacin ina koyarwa a Kafanchan. Da na zo hutun Kirsimeti, na lura a coci bakin fasto yake bi da ido, kuma sai Mama ta kira shi sau uku yake juyowa. Kowa a gidan ya sani, ba wanda ya furta.

A makon nan ɗan kwangila ya zo duba wani ƙaton madaci a bakin rafi, na bi su don ba ni da aikin yi. Baba ya ɗaga gatari ya buga. Ni da ban san komai game da katako ba, sai da na ji sautin, kamar an ƙwanƙwasa tulun da babu ruwa. Baba ya daɗe da kunne a jikin bishiyar, sannan ya miƙe.

"Wannan ya yi kyau, oga," in ji shi. "Ciki ya cika. A sare."

Na yi gum. A gidanmu ɗa ba ya gyara wa uba magana a gaban baƙo, ko da ɗan yana ɗaura taye yana duka da bulala a aji. A ranar, na ɗauki hakan a matsayin ladabi. Yau na san tsoro ne, kuma ina jin haushin kaina.

Kwana uku masu sara suna fama. Da madacin ya faɗi sai ya tsage, ga kogo a ciki wanda akuya za ta kwanta. Ɗan kwangilar bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Baba, tsufa ya zo, a huta." Zuwansa na gaba da wani ma'aikacin gandun daji ya zo, mai ƙarfen huda itace. Motarsu ta wuce ƙofar gidanmu ba ta tsaya ba.

Ran da zan koma, Baba ya raka ni bakin hanya. Muna jiran mota ya tambaye ni da yarenmu, "Ranar nan, ka ji shi?"

"Na ji, Baba."

"Me ka ce?"

Dole na maimaita da ƙarfi, mutanen da ke jira duk suka waiwayo. Ya jinjina kai, yana kallon ƙasa.

"Ai da ka taɓa mini hannu kawai," ya ce.