Tikitin Inna Da Muka Tara A Kanti

Ko na tsufa na manta sunayen titunan Kuala Lumpur, ba zan manta da shekarar da muka kawo Inna da makin katin banki ba. Yanzu da ba ta raye, abin ya fi dawo mini, kuma yawanci dariya nake fara yi kafin sauran ya biyo baya.

A lokacin muna zaune a unguwar Taman Melati, maigidana yana koyarwa a wata jami'a kusa da mu. Ina ɗauke da cikin fari bayan an daɗe ana jira. A gida, mai cikin fari gidansu take komawa ta haihu, a yi mata wankan jego, a dama mata kunun kanwa. Ni kuwa likita ta hana ni doguwar tafiya, sai dai a kawo mini wani daga Kano. Gwaggo ce ya kamata ta zo, domin ni 'yar fari ce, kuma Inna tana kunyata irin ta mutanen da. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kira sunana ba, "ke" ce kawai. To amma gwiwoyin Gwaggo sun ƙi. Inna ta ce a waya, "Tunda babu kowa, sai in zo ɗin." Kamar wadda aka tilasta wa.

Matsalar ita ce kuɗin jirgi, wanda ya fi ƙarfinmu a shekarar. Wata rana maigidana ya dawo daga shagon mamak, inda suke shan shayi da abokan aikinsa, fuskarsa cike da fara'a. Ya ce akwai katin banki da ake haɗa gwiwa da kamfanin jirgi a yi shi. Duk sayayyar da ka biya da shi ana ba ka maki, idan makin ya taru sai ka karɓi tikiti da shi.

Na ce, "Malam, katin bashi fa kake nufi. Ruwan da ke ciki fa?"

Ya ce, "Akwai na tsarin Musulunci, na tambayi limaminmu. Kuma duk wata za mu biya tas, ba mu barin komai ya kwana."

Kati uku ya samo, muka kwashe kwanaki muna musu a kansu kamar masu zaɓen suna. Na farko shi ya tafi da hankalinsa, saboda mai shi yana shiga ɗakin hutun manya a filin jirgi, ya ci ya sha kyauta. Na biyu yana ba da maki mai yawa tun ranar karɓa, amma kuɗin shekararsa da nauyi, kuma makin yana mutuwa da wuri. Na uku ba shi da wani ƙyale-ƙyale, sai dai makinsa yana daɗewa, ana iya yanka wa ɗan uwa tikiti da shi, sannan akwai ƙarin kilo na kaya.

"Ki duba ɗakin hutun nan," in ji shi, yana nuna mini hoto. "Har da wurin wanka."

Na ce, "Inna ce za ta ci abincin da ba ta san wanda ya dafa ba? Da ƙullin ƙuli-ƙulinta za ta shiga, da shi za ta fito. Ni dai kilo nake so."

Ya yi dariya ya ce, "Boleh," wato ya yarda, kamar yadda mutanen nan suke faɗa. Muka ɗauki na uku.

Sai dai cefanen mutum biyu ba ya tara maki da sauri, ciki kuma ba ya jira. Maƙwabciyata, wata 'yar Katsina da ta girme ni, ita ta kawo dabara. Ta tara matanmu na benen da muke zaune ta ce, "Adashi za mu yi, amma na maki. Duk mai sayayyar kanti ta biyo ta nan, amarya ta goga kati, ita kuma ta miƙa mata kuɗinta a hannu." Har lokacin amarya take kirana.

Haka kuwa aka yi. Duk Asabar sai ka gan mu a kanti da kekunan kaya jere, buhunan shinkafa, madarar yara, sabulu, ni a gaba da ciki da kati. Mai karɓar kuɗin ta gane mu, har tana cewa, "Sayayya da yawa, lah," da 'yar kalmar nan da suke rufe magana da ita. Na daina zuwa kasuwar Chow Kit, duk da arahar naman akuya da kifinta, don masu tebur ba sa karɓar kati. Wata daga cikinmu firjinta ya lalace, 'yar Katsina ta buga mini ƙofa tana murna, don da katin za a sayi sabo. "Amarya, albishir, firjin mutuniyar ya mutu." Muka yi ta dariya, har da mai firjin. Kowace safiya sai na buɗe waya in ga inda makin ya kai, in je in sanar a bene kamar sakamakon jarrabawa.

Ranar da ya cika, maigidana ya ce, "Da za mu ƙara haƙuri kaɗan, sai mu sama mata kujerar manya, ta miƙe ƙafa." Na ce masa a'a, a yanka wadda ta samu, ta manyan sai zuwa na biyu. Aka yanka. Na kira Inna na ce kada ta ji komai, muna da ƙarin kilo, ta zo da duk abin da ake bukata. Ta ce, "To."

A nan ne kuskurenmu yake. Duk karatun da muka yi wa katin, ba mu lura cewa ƙarin kilon na mai katin ne idan shi da kansa zai yi tafiya ba. Wanda aka yanka wa tikiti ba ya samu.

Ranar tafiyar, mu muna shirin sallar magariba, su a Kano rana ta kai tsaka, sai ga kiran ƙanwata daga filin jirgi. "Yaya, an ce kayan Inna sun wuce ƙima da jaka guda cur. Kuɗin da suka ce a biya ba ni da shi a nan, kuma sun kusa rufe awo."

Maigidana ya yi ta ƙoƙarin biya ta waya, amma lokacin yin hakan ya wuce. Idan jirgin ya tashi babu ita, makin ya tafi, kuma babu lokacin sake tarawa kafin haihuwa. Na ce wa ƙanwata ta zubar da geron, ta bar kanwar, ta bar komai, Inna kawai nake so. Ina jin muryar Inna daga gefe tana cewa, "Ba ni nan."

Ta karɓi wayar. "Ke, can ana sayar da gero?"

Na ce, "Ban taɓa gani ba, Inna, amma ba komai."

"Kanwa fa?"

"Babu."

"To kashe wayar, kina cinye wa yarinya kati."

Muka zauna muna jiran wani kiran. 'Yar Katsina ta shigo ta tarar da ni riƙe da waya, ta zauna kusa da ni. Can sai ƙanwata ta sake kira tana haki, tana dariya. "Ta wuce, Yaya. Ta shiga." Na tambaye ta me aka bari, ta ce Inna ta hana ta faɗa.

Washegari muka cika motoci biyu zuwa filin jirgi, don matan adashi sun ce su ma baƙuwarsu ce. Da Inna ta fito tana tura kaya, ƙarama a cikin farin mayafi, na rasa abin yi. Ta dubi cikina ta kau da kai, ta gaisa da kowa kafin ni. Maigidana ya durƙusa, ta ce, "Malam, an sha ɗawainiya." Ni kuma ta ce, "Ke, kin kumbura ƙafa."

Sai a gida na gane. Na buɗe jakunkunan, ga gero, ga kanwa, ga yajin jego, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, man shanu. Na nemi kayan sawarta ban gani ba. Jakar tufafinta ce ta bar wa ƙanwata, da atamfofin da ta ɗinka musamman don tafiyar. Daga na jikinta sai zani ɗaya da ta naɗe tulun man shanun da shi.

Na ce, "Inna, kayanki fa?"

Ta ce, "Zani ake sha ne in an haihu?"

Kafin dare matan bene sun kawo mata atamfofi har sun yi yawa. Bayan 'yan kwanaki na haifi 'yata. Wata maƙwabciyarmu Ba'indiya ta yanko mana ganyen darbejiya daga wajen Titiwangsa, Inna ta dafa ruwa a babbar tukunya, ta yi mini wanka safe da yamma a ɗan banɗakinmu har na yi arba'in. Kunun kanwa kuwa duk benen ya sha. Da aka sa wa jaririyar sunan Inna, sai ta daina kunya a kanta, tana rungume ta tana yi mata waƙa idan tana zaton ba na ji.

Bayan ta koma muka ci gaba da tara maki don kujerar manyan nan. Makin ya kai na kujera ta talakawa har sau biyu, muna cewa a ƙara haƙuri. Bara, kafin ya cika, Allah ya karɓi abinsa. Da makin na je gida ta'aziyya. Ƙanwata ta ɗauko mini jakar nan, atamfofin suna ciki a ninke, wai Inna ce ta ce a ajiye su sai tafiya ta biyu.

Yanzu idan sabbin zuwa suka tambaye ni wane kati ya fi, ina ce musu su karanta sharuɗɗan da idon wanda zai hau jirgin, ba da idon mai katin ba. Sannan ina ƙara musu abin da na koya da tsada: ranar da makin ya isa kawo wanda kake so, ka kawo shi a ranar, ko a wace kujera ce.