Tsakuwar da Mma ba ta tsinta ba

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar mahaifiyata, Mma Salamatu mai waakye. Duk wanda ya yi dako a kasuwar Kejetia a zamaninta ya san shinkafa da wakenta, ya kuma san faɗanta. Kafin ta ɗora tukunya sai mun baje shinkafa a faifai, mu tsince, ita ta sake bi. In ta samu tsakuwa ɗaya a bayana, sai ta ɗaga ta sama ta ce, "Hawa, wanga dutse haƙorin wa kike so ya karya?"

Ciwonta ya fara da murɗa a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Ido ya yi rawaya, aka ce shawara ce, muka yi ta jiƙa saiwoyi. Hoton cikin da aka yi mata bai nuna komai ba. Sai da zazzaɓi ya kwantar da ita aka buɗe cikin, aka tarar tsakuwa ta toshe hanyar ruwan maɗaciya, an kuwa makara. Rashin sani ya fi dare duhu. Har yau abin yana ci mini rai.

Bara na duba madubi na ga idon Mma a fuskata, ya yi rawaya. Na ce to, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Likita ta tura ni injin MRI, mai leƙa ciki da maganaɗisu ba tare da yanka ba. Suka ce in zo ban ci komai ba, suka sa na cire 'yan kunne har da fil ɗin mayafi. Na kwanta cikin bututu yana ta bugu kamar ana dakan fufu a gida uku, ni kuwa salati kawai nake.

Da hoton ya fito, hanyar ruwan maɗaciyar fara ce tas, ga ɗigo biyu baƙi ƙirin a tsakiya. Da Mma na nan, na san kafin likita ta buɗe baki za ta ɗora yatsa ta ce ga su nan, sannan ta yi wa ma'aikatan faɗan ƙarar injin.

An zaro tsakuwoyin ta baki da siririyar roba, na dawo Zango da ƙafata. Teburin Mma yanzu nawa ne, kuma ƙannena suna cewa faɗan ma na gada. Kullum na kan bi faifai sau biyu. Allah ya jiƙanki, Mma. Kin tsinta wa Kejetia duka, ke ce ba a samu mai tsintar miki ba.